Tsohon da Ya Fi Ni Sanin Ƙanena

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar ƙanena Dokta Mukhtar a birnin Guangzhou, kuma har yau idan aka ce in faɗi ko shi waye, sai in ji akwai wanda ya fi ni cancantar a tambaya. Wani tsoho ne ɗan Chana, sunansa Cen. Ba danginmu ba ne, ba ma addininmu ɗaya ba.

Ni da Mukhtar uwa ɗaya uba ɗaya. Tun muna yara mahaifinmu ya kai ni kasuwa, shi ya bar shi a makaranta. Ni na zama mai saro takalma a kasuwar Zhanxi Lu ina lodawa ta tashar jiragen ruwa ta Nansha zuwa Kano, shi ya zama malamin tarihi a jami'a, har ya koyi Sinanci na littafi, ba irin nawa na ciniki ba. Ranar da ya bugo waya ya ce zai zo Guangzhou ya yi shekara guda yana bincike, na kama gida mai ɗaki biyu, na sayi katifa sabuwa. A raina na ce Allah ya dawo min da ƙanena.

Abin da ya kawo shi takardun wata tsohuwar ƙungiyar masana ce, waɗanda suka daɗe suna haɗuwa suna nazarin ƙasashen Asiya. Bayanan tarukansu, da wasiƙunsu, da laccocin da aka gabatar musu, duk suna jibge cikin kwalaye a benen wani ɗakin karatu. Mukhtar yana neman abin da suka rubuta game da Musulmin birnin da fataken da suka riƙa zuwa ta teku. Cen ne mai kula da kwalayen. Mukhtar yana ce masa Lawshi, wato malam.

Cikin wata guda na gane katifa kawai na samu, ba ƙane ba. Da safe zai fita da jaka, da magariba ya dawo hannunsa yana warin tsohuwar takarda, kuma duk maganarsa Lawshi ya ce, Lawshi ya nuna min. Sun gano wata lacca da aka daɗe ana zaton ta ɓata, ya yi kwana biyu yana dariya shi kaɗai. Ni kuwa da na gaya masa kwantenata ta isa Legas lafiya, sai ya ce "Madalla, Yaya," ya ci gaba da cin tuwonsa. Na taɓa bin sa benen nan sau ɗaya. Na tarar da su biyu sun sunkuya kan takarda guda, kai da kai, suna gardama cikin raha. Tun da muka girma ban taɓa ganin Mukhtar ya saki jiki da mutum haka ba. Na gaisa, aka ba ni shayi, na zauna kamar wanda ya zo karɓar saƙo.

Sai shekarar da Chana ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik ta zo, biza ta yi wuya. Abokanmu na Kano da na Maraɗi suka riƙa tattara kaya suna komawa gida. Ni da na yi shekaru ina zuba kuɗi a garin, aka ce in fita in sake nema daga Najeriya. Mukhtar kuwa Cen ya rubuta masa takarda da hatimin ɗakin karatu, aka ƙara masa wa'adi ba tare da wahala ba. Ya raka ni filin jirgi yana tsokanata, wai kwalaye sun fi kwantena daraja. Na yi dariya, amma abin ya tsaya min a rai har Kano.

Ina gida ina jiran biza zazzaɓi ya kama shi, ya sauka a huhu. Cen ne ya kai shi asibiti, shi ya yi jinyarsa, a gabansa ya cika. Shi ne kuma ya je masallaci ya nemo 'yan'uwanmu Musulmi suka yi masa sutura. Ban samu komawa ba sai da aka gama wasannin.

Na je wurin Cen da tambaya ɗaya: me ya ce a ƙarshe? Ya amsa da Turancinsa mai nauyi.

"Ya yi magana mai tsawo, amma da harshenku. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Na dai riƙe hannunsa."

Na yi masa godiya, don ya cancanta. Amma na sauko daga benen da abu ɗaya a raina. Maganar da ni ya kamata in ji, a kunnen wani ta faɗi.

Nakan tambayi kaina abin da Mukhtar zai ce da ya ga yau. An ɗauki hoton takardun nan duka an ɗora a intanet, ɗalibi yana kwance a Kano zai karanta su, wayarsa ta fassara masa. Wataƙila ya yi murna. Wataƙila kuma ya ce an rage wa abin daɗi, tunda ba ƙura, ba shayi, ba wanda za ka yi gardama da shi. Ni dai abin da na lissafa daban ne: da a lokacin haka abin yake, da bai zo ba, da ya rasu a gabanmu ko ma yana raye. Jerin bayanin kwalayen da ya fara, Cen ya ƙarasa shi, aka buga da sunayensu biyu a jere. Na duba shafin godiya. Ba sunana, kuma ba laifin kowa ba ne.

Bara 'yar Mukhtar, Zainab, wadda ya bari tana shekara biyar, ta samu gurbin karatu a Chana. Ta sauka a wurina. Na ba ta labarin mahaifinta yana yaro, yadda yake tsoron kare, yadda yake karatu a ƙarƙashin fitilar mai shayi. Kafin la'asar labarina ya ƙare. Ta ce, "Baffa, da ya girma fa? Me yake so? Me yake ba shi dariya?"

Washegari na kai ta gidan Cen. Ya tsufa ƙwarai, sai da sanda. Da ya ji ko 'yar waye, ya kama hannunta ya fara magana da Sinanci, ita da ta koyi harshen tun a gida tana juyo min da Hausa. Waƙar da Mukhtar yake yi ƙasa-ƙasa idan aiki ya yi daɗi. Littafin da ya so rubutawa. Yadda yake barin takarda ko ana tsakiyar jimla idan lokacin salla ya yi. Ko ɗaya ban sani ba.

Abin da ya rage na Mukhtar ke nan: yarintarsa a wurina, girmansa a wurin wannan tsoho, kuma rabon tsohon ya fi nawa yawa. Allah ya ji ƙan Mukhtar, ya sa Aljanna ce makomarsa. Na zauna a ɗakin nan har yamma, haushin Cen yana cina, ina kuma addu'a a zuci kada ya gaji ya yi shiru.