Jan Kare da Sandar Mofa

Na taso a Kano da littattafan soyayya na haya a ƙarƙashin matashina. Shi ya sa da na zo ƙasar Turawa na samu aiki a gidan da ake ajiye karnukan da masu su suka yasar, zuciyata ta riga ni tsara labarin: ga wata halitta da duniya ta wulaƙanta, ga ni mai taushin zuciya, mu haɗa ido sau ɗaya ya warke. Babu wari a cikin labarin nan nawa, babu haushin da ke sa kunne ya yini yana amsa kuwwa.

Lokacin ina zaune wurin matar kawuna, 'yar Maraɗi, a wani gidan haya bayan High Point Road. Ranar farko da na dawo daga aiki ta tare ni a bakin ƙofa, da Hausarta mai gauraye da Faransanci.

"Bon, tsaya nan. Duk kantunan da ke Wendover ba ki ga na shiga ba, sai kwasar kashin kare? Cire takalmin. Kayan ma a leda."

"Anti, Malam fa ya ce a mazhabarmu yawun kare ba najasa ba ne."

"Malam ɗin ne ke wanke min kafet?"

Na yi dariya, amma ni ma jikina bai yarda da maganar Malam ba. Da kayan jikina nake sallar azahar a ɗakin ajiya na wurin aiki, kuma ko hancin kare ya doso gefen siket ɗina sai tsigar jikina ta tashi.

A wata na biyu aka kawo wani jan kare mai yagaggen kunne, haƙarƙarinsa duk a waje. Lafiya lau yake har sai an ajiye masa abinci. Daga nan duk wanda ya matso kusa da kwanon sai ya ga haƙora. Shugabarmu, wata dattijuwar Baturiya mai kaushin murya, ta damƙa min shi. Ta ce sati uku gare shi, sannan a gwada shi. In ya ci gwajin, a nema masa gida. In ya faɗi, allura ce, wadda ba a tashi. Ta nuna min aikin: in tsuguna kusa da shi yana ci, in riƙa jefa guntun nama a kwanon da hannuna, har ya gane hannun da ya matso ƙari yake kawowa.

Na ce to. Tana juya baya na cire kan mofar goge ƙasa na ɗauki sandar.

Da ita nake tura masa kwano, da ita nake gangara masa naman, da ita nake tare shi in ya doso kayana. Ya cafke ta ranar farko, na ce gara sanda da siket. Cikin kwana biyu abin ya zama wasa: ya kama, in ja, ya ja, yana kaɗa wutsiya. Murna kamar ta kashe ni. Ina rera masa waƙoƙin da nake ji a kaset ɗin mota, ina kallon idonsa mai launin zuma, ina cewa ga shi ya soma sona. Duk sanda shugabar ta tambaya sai in ce mata yana samun sauƙi sosai. Ban taɓa tambayar yadda gwajin yake ba.

Ranar gwajin aka ajiye masa kwano a tsakiyar ɗaki. Sai ga shugabar ta fito da hannun roba, mai yatsu biyar har da hannun riga, an kafa shi a kan doguwar sanda. Ta miƙa shi a hankali zuwa kwanon. Karen bai ko yi gurnani ba. Ya yi tsalle ya cafke, ya shiga ja da baya yana girgiza kai, yana kaɗa wutsiya, yana satar kallona in yaba masa.

Ta ƙwace hannun da kyar, yatsa ɗaya na reto. Ta ɗauki jan biro.

Na ce, "Tsaya, don Allah. Ba cizo yake ba, wasa yake. Ni na koya masa."

Na gaya mata komai. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Sati uku kina horar da shi da sanda? Da kin ce min ba ki iya taɓa shi, da na ba wani."

"Na ɗauka so ya isa."

"Yarinya, duk wanda ke nan yana son su. Ni abin da na gani zan rubuta, kuma na ga ya yaga hannu."

Haushin kaina ya cika ni har na ji ɗaci a baki. Na naɗe hannun rigata, na ɗebo nama, na tsuguna. Ta ce in tashi, ban tashi ba. Na zura hannuna cikin kwanon. Karen ya sandare, leɓensa ya ɗage kaɗan, na ji ɗumin numfashinsa a wuyan hannuna. Can ya sauke kai ya ci naman, ya bi tsakanin yatsuna da harshe. Duk jikina ya yi yar, amma ban janye ba.

Ta ƙara masa kwana goma kafin a sake gwaji, ta kulle sandar a ofishinta. Jan rubutun dai bai gogu ba: ko ya ci gwajin, ba za a ba da shi gidan da ke da yara ba.

Kwana goman nan babu waƙa. Safe da yamma ina tsugune, gwiwa na ciwo, hannu na ƙarni, ina warware abin da na ƙulla. Sau biyu ya yi min gurnani muka koma farko. A gwaji na biyu ya bi hannun robar da ido, jikinsa na ɓari don son ya kama, ya haƙura. Ya ci gwajin.

Iyalai uku suka tsaya gaban kejinsa a satin da ya biyo, dukkansu da 'ya'ya, dukkansu suka karanta takardar da ke jikin kejin suka wuce. Sai da ya ƙara wata guda a kan siminti kafin wani tsoho daga McLeansville, mai zaman kansa shi kaɗai, ya zo ya tafi da shi. Ni na riƙo igiyar har bakin mota, na ce wa tsohon ya ba shi abinci da hannu, kuma kada ya yi masa wasa da sanda.