Iyakar da Ta Bi Ta Ƙofar Mai Aski

Mai Aski ya tsufa a shago ɗaya, da madubi mai tsaga a gefe, da wata ƙatuwar kwata a bakin ƙofa. Duk damina sai ta cika ta shigo masa, tana cin gindin katangar ɗakin da iyalinsa ke kwana. A idonsa 'yan majalisa uku suka wakilci mazaɓar. Na farko ya leƙa kwatar ya toshe hanci, na biyu ya aiko aka auna ta, na uku ko hanyar layin bai sani ba.

Sai ga ɗan ƙanwarsa ya fito takara, wanda shi ya riƙe tun rasuwar uban yaron.

"Kawu, in na ci, kwatar nan ce aikina na farko," in ji shi.

Mai Aski ya ɗauki maganar ya ɗora a ka. Duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya sha wa'azin zaɓe da aska a maƙogwaro, kuma ba a taɓa samun wanda ya musa ba. Kaf layin suka bi shi.

Ɗan ya ci, ya zama Honorabul. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, katanga ta dare har ana hango waje daga kan gado. Ana nan aka ce mazaɓar ta yi girma, an raba ta biyu, kuma da Honorabul aka yi zaman rabon.

Mai Aski ya sa rigarsa ta kirki ya je ofis. Sai da ya gaji da zaman benci aka shigar da shi.

"Katangar ta kusa faɗo mana," ya ce. "Ina maganar kwata?"

"Kawu, ai yanzu kwatar ce iyaka. Mazaɓata ta tsaya daga wancan bakin. Ku kuna sabuwar mazaɓa, sai ku ga naku wakilin."

"Wa ya ja iyakar ta ƙofata?"

Honorabul ya hau duba waya. Nan Mai Aski ya gane, zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Masu tuna masa alkawari ne ɗan ya yanke ya yar, da gangan.

"Shi ke nan," ya ce. "Zaɓe na zuwa. Ƙuri'ar da na ba ka zan karɓe abata."

Honorabul ya miƙe ya buɗe masa ƙofa cikin ladabi.

"Kawu, ai ba ka da ƙuri'a a wurina yanzu."