Ni da Tulun Zumunta a Hanyar Kwatano

Barnawa, Talata

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka tashi daga ƙofar cocinmu a Barnawa, mu goma sha huɗu, duk 'yan zumuntar mata, a bas ɗin Malam Iliya na Makera. Na sha biyar ɗinmu tulu ne, wanda nake bugawa in muna waƙa. Wata tsohuwa a ƙauyenmu ce ta gina shi, ta rasu tun tuni, kuma yanzu babu mai irin hannunta. Ya girmi fastonmu.

Uwar Zumunta, Mama Rifkatu, ta so a bar shi a gida, wai hutu za mu Kwatano, ba gasar waƙa ba. Na ce wato mu shiga jirgin ruwa mu zauna shiru kamar buhunan masara? Dattawan coci suka ce in zai je, to a wuyana yake, kuma ya dawo lafiya kafin Lahadin godiyar kaka. Na ɗaga hannu na yi alkawari.

Sati biyu kafin nan, Yohanna, wanda ofishinsu ya shirya mana tafiyar, ya zo da maganar inshora. Taro ya kasu. Wasu suka ce rashin bangaskiya ne, wata ta ce kiran ciwo ne. Ni tambayata ɗaya ce.

"Ɗana, in tulu ya fashe za ku biya?"

"Mama, ta mutane ce. Asibiti, ɓatan jaka, ko in ciwo ya hana mutum tafiya."

"Tulu fa?"

"Abin da ke fashewa ba ya ciki."

"To ni ba na fashewa. Rabona da gadon asibiti tun haihuwar Ladi. Riƙe abinka."

Mama Rifkatu ta gyara tabarau ta ce, "Maman Ladi, wadda ba ta saya ba, ba ta shiga mota." Tunda haka ne na ce sai na san abin da nake saya. Da jika goye a baya na shiga ajin karatun manya, shi ya sa nake karatu a hankali, kuma ba na tsallake layi. Yohanna ya zauna har lemonsa ya yi zafi. Ashe iri biyu ce: mai araha tana ƙarewa a bakin iyaka, ɗayar tana ƙetarewa da mutum har cikin ruwa. Na zaɓi mai ƙetarewa, ina mita, don kuɗinta ya isa sayen wake mudu shida. Na sa ya rubuta mini lambar da ake kira da manyan baƙaƙe.

Da zan shiga mota maigidana, Baban Ladi, ya ce, "Ke aka yi wa inshora? Ai mutanen Kwatano ya kamata a yi wa." Na ce zan dawo in same shi.

Lakwaja

Tulu na kan cinyata, naɗe cikin bargo. Kafin gadar Lakwaja wani soja ya leƙo ta taga.

"Mama, me ke ciki?"

"Iska."

Ya ɗaga bakin bindiga zai ƙwanƙwasa. Na ce, "Taɓa shi da ƙarfen nan ka ga yadda uwa take." Malam Iliya ya fara salati. Na buɗe bargo na ba tulun bugu uku. Sai sojan ya washe baki, ashe ɗan Zonkwa ne, uwarsa ma 'yar zumunta ce. Bai bar mu mun wuce ba sai da muka yi masa baiti biyu, yana rausaya da bindiga a kafaɗa. A cikin gari muka ci soyayyen kifi da doya, tsada kamar daga Turai aka kamo kifin.

Legas da Seme

Mun shiga Legas da dare, ƙafafuna sun kumbura. A zauren wani coci muka kwana bisa tabarmi. Katifa ɗaya aka kawo don wadda ta fi tsufa. Ni ce na fi tsufa, na kwantar da tulu a kai. Washegari a Seme, bakin iyaka, aka duba katin shaida da na rigakafi, muka canza naira zuwa sefa. Wani ɗan kwastan ya zana wa tulu alama da alli, na goge da bakin zane yana kallona.

Kwatano, Juma'a

Masaukinmu a unguwar Zango yake, inda Hausa ta fi Faransanci yawa. Mun sha shayi da dogon burodin nan nasu mai kama da taɓarya, sannan aka kai mu bakin tafki. Jirgi ne mai rumfa da inji, zai kai mu Ganbiye, garin da aka gina gidajensa kan sanduna a tsakiyar ruwa. Mata na sayar da tumatir daga kwale-kwale zuwa kwale-kwale, har kasuwa a kan ruwa take. Na ce wa Mama Rifkatu aƙalla su ba sa sharar tsakar gida.

Muka ɗauki waƙa, tulu ya amsa, har masunta suka tsaya da taru a hannu. Ana cikin haka wani jirgi ya wuce mu a guje. Igiyar ruwansa ta ɗaga namu, tulu ya zame daga cinyata ya nufi katakon jirgi. Ban yi shawara da kowa ba, na faɗa ƙarƙashinsa. Ya sauka a cikina, ƙafata kuma ta shige ƙarƙashin benci. Kowa ya ji ƙas!

Mata goma sha uku suka haɗa baki: "Tulu!"

Ko ɗaya ba ta kira sunana ba. Mama Rifkatu ta ɗauke shi daga kaina, ta juya, ta ƙwanƙwasa, ta kara kunne.

"Lafiyarsa lau, mun gode Ubangiji. To mene ne ya yi ƙara?"

Na ce, "Ni ce, Mama."

A asibiti suka ɗauki hoto, suka ce idon sawu ya karye. Suka nuna mana yawan kuɗin da za a ajiye kafin likita ya taɓa ni. Na zaci lambar wayarsu ce. Wadda ta ce inshora kiran ciwo ce ta matso ta raɗa mini, "Ba na faɗa ba?" Na ce ta bari in miƙe tukuna.

Na zaro lambar Yohanna daga ɗaurin zanena muka kira. Wata mata ta ɗauka, ta yi ta tambayoyi har na ce, "'Yata, ƙafa ce ta karye, ba aure na zo nema ba." Sun sa mun jira har yamma, amma sun yi magana da asibitin, aka naɗe ƙafar da farin siminti, aka ba ni gado kwana biyu. Kuɗin tasi da maganin farko ni na biya, suka ce in riƙe rasit za su mayar. Duk mai shirin tafiya ya ji wannan: saya mai ƙetare iyaka, ajiye lambar a jikinka ba cikin jaka ba, kuma kada ka yar da rasit ko da na farantin abinci ne.

Komawa

Ni aka shimfiɗe a kujerar baya, ƙafa bisa jakar wata. Tulu aka ba gidan gaba kusa da direba, aka ɗaura masa bel. Duk ramin da muka shiga sai na ɗaga kai na ce, "Malam Iliya, a hankali!"

Ya ce, "Mama, tun da nake tuƙi ban taɓa samun fasinja mai hankali kamar wannan ba. Bai nemi a tsaya fitsari ba, bai ce na cika gudu ba."

Mun iso Barnawa ranar Laraba da magariba. Baban Ladi ya dubi ƙafar ya ce, "Su mutanen Kwatano fa, nawa ne a kwance?"

Washegari Yohanna ya zo gaisuwa da lemo a leda, yana ƙoƙarin haɗiye dariya.

"Mama, kin ce ba kya fashewa."

"Na fashe, kun biya, na gode. Amma tulun da kuka ƙi shi ma yana da kamfaninsa, kuma ya fi naku sauri. Ku sai da kuka kai yamma. Shi kafin ya taɓa ƙasa har an biya."

Ranar Lahadin godiyar kaka aka ɗauke ni a Keke Napep, aka ɗora ƙafata kan benci, aka ɗora mini tulu a cinya, na buga har gilashin taga yana rawa. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Malam Iliya, da Mama Rifkatu da ta tilasta mini, da sojan Zonkwa. Na gode wa dattawan coci kuma, waɗanda suka zagaya tulu sau biyu suna shafawa, sannan ɗayansu ya waiwayo ya ce, "Af, Maman Ladi, me ya samu ƙafarki?"