Hular da Kawu Mutari Ya Naɗa wa Alarmu

Duk wanda ya taɓa hawa benen nan na unguwar Goutte d'Or a Paris inda Kawu Mutari ya zauna, ya san ba a tambayar lambar ƙofa. Hanci ne ke kai mutum. A hawa na biyu ƙamshin turaren wuta zai tare ka, a na uku idonka ya fara ruwa, a na huɗu kuwa sai ka laluba kafin ka ga mai gidan. Yana nan zaune tsakiyar hayaƙi kamar kifin da ake banda, ya kifa babbar rigarsa a kan ɗan kaskonsa, yana tari yana yi maka sannu da zuwa. Kaskon na ƙasa ne, ginin Mirriya, da shi ya sauka Paris tun zuwansa aikin tuƙi a wani ofishin jakadanci. Na rantse da za a ce ya zaɓa tsakanin kaskon da fasfo, da fasfo ya kwana a titi.

Ni ne Sanusi, ɗan ƙanwarsa da ke Rillieux, can gefen Lyon, wanda yake kira Mushe, wato "Malam" a bakin Faransawa, saboda wai na yi boko har ya yi mini yawa. Kuma kun san maganarsa guda, wadda ya auna duk Faransa da ita: "Namu ne, wuta kawai suka sa mishi." Asansar, akwatin nan mai hawa da mutane bene, guga ne. Firji randa ce. Ba abin da Nasara ya ƙera da Kawu bai samo kakansa a Damagaram ba.

Shekarar da aka ce dole kowane gida ya maƙala alarmu, na'urar nan mai ihu in ta ji hayaƙi, ta gidan Kawu yini ɗaya ta yi tana aiki. Ya hau kujera ya kifa mata tsohuwar hularsa. Da na je na gani na riƙe baki, sai ya ce ai sarauta ya naɗa ta, Sarkin Shiru, kuma tun daga ranar ba ta sake tsoma baki cikin maganar manya ba.

To, abin dariyar yana da wutsiya. Kawu shi ne ladanin ɗan masallacin unguwarsu da ke bayan shaguna, fiye da shekara ashirin, ba a biyansa, ba ya fashi. Sai fuka ta kama shi. Wata Jumma'a yana tsakiyar "Hayya alal falah" numfashi ya tsinke, tari ya sarƙe shi, sai wani ne ya ƙarasa kiran. Alhaji Bukari, shugaban kwamitin masallaci, ya same shi da girmamawa ya ce in azumi ya zo ƙirjin bai warware ba, gara ya huta a ba wani. Matarsa Tanti Rabi ta kira ni tana cewa kwana uku ke nan bai ci tuwo ba. Duk wanda ya san Kawu ya san wannan ba ƙaramar alama ba ce.

Likitansa ya rubuta masa mako uku a wani gidan jiyya na ruwan zafi da ke kan duwatsu, gaba da Lyon, inda ake kai masu ciwon ƙirji da hanci. Kawu, da ke cewa maganin likita na masu rauni ne, ya amince nan take. Na tarbe shi a tashar jirgin ƙasa ya kwana gidana. Yana wanka na buɗe jakarsa: ga kasko, ga turare ƙulli uku, ga gawayi. Kaskon ban isa in taɓa ba. Gawayin na kwashe. Allah ya yafe mini, ita ce sata ɗaya da nake alfahari da ita.

Ranar farko na raka shi don in yi tafinta, ko da yake faransancinsa ya isa ya yi rigima da kowa. Muna shiga wani wari ya buge mu, sak ƙwai da ya yi wata a rana. Ashe ruwan da ke fitowa daga cikin dutsen ne, kuma shi ne maganin. Wata ma'aikaciya ta miƙa masa kofi ta ce ya sha. Kawu ya shinshina, ya ajiye, ya fara yi mata tambayoyi kamar alƙali: wani abu ya mutu a ciki? Akwai masai kusa? Warin daga ƙasa ya taso, ko zuba wani abu aka yi? Yarinyar nan ta rantse haka Allah ya fito da shi. Sai ya juyo ya yanke mini hukunci, cewa ruwan da mazauninsa ya sauya masa wari mai tsarki ne, ana alwala da shi. Ya yi bismilla ya shanye. Fuskarsa ta yi kamar ya haɗiye kwaɗo da rai, amma ya ce, "Rijiyar gidanmu ta fi shi ƙarfi."

Daga nan aka zaunar da shi gaban wani ɗan kwano, aka ce ya kurkure maƙogwaro. Bayan haka aka ba shi wani siririn tiyo mai fitowa daga wani tulu, da ake sawa a hanci, ruwa ya shiga ta wannan kafa ya fito ta waccan. Tsofaffin Nasara a jere suna ƙwarewa, suna atishawa, suna kiran iyayensu. Kawu ya dubi hagu, ya dubi dama, ya naɗe hannun riga.

"Mushe, alwala ce fa. Wuta kawai suka sa mata."

Ya shaƙa ya face, tsaf, ko ɗigo bai zuba a riga ba. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Sai ya ajiye tiyo ya harɗe hannu. Ma'aikaciyar ta ce saura, sai ruwan tulun ya ƙare. Kawu ya ce ko kusa, wanda ya ƙara a kan uku ya yi ɓarna, shi ba zai fara makaruhi da furfura ba. Ni ina tsakiya ina zufa, ina neman yadda zan fassara makaruhi da faransanci. Ƙarshe shi da kansa ya samo dabara. In ya yi uku sai ya miƙe, ya kewaye kujera, ya dawo ya zauna ya sake niyya. Haka ya riƙa yi kullum har tulu ya ƙare. Kafin mako ya fita, wata tsohuwa mai suna Madam Odette, wadda ya koya wa yadda ake shaƙar ruwa ba a ƙware ba, ita ma ta fara kewaye kujera. Ta ɗauka cikin maganin ne. Daga ita sai ƙawayenta. Na je na tarar da mutum bakwai suna yi, ido na ya gani!

Ranar da aka shafa masa taɓo mai zafi a baya da ƙirji aka nannaɗe shi, ya kira ni a waya, muryarsa a sanyaye. Ya ce tun yana saurayi ya gudu daga kwaɓin laka, yau ga shi a ƙasar Nasara an yaɓe shi kamar rumbu, saura a ɗora masa jinka.

Amma wanda ya tsaya masa a rai shi ne ɗakin hazo. Wani ɗaki ne da ake cika shi da tururin ruwan nan, mutane su zauna cikin fararen rigunan tawul suna shaƙa, ba mai ganin na kusa da shi. Kawu ya ce wannan sirace ne, wanda kakarsa ke yi da tukunya da bargo, sai dai na Nasara ba shi da kai: ba ganye, ba ƙamshi, mutum ya fito yana wari kamar kwandon ɓara-gurbi. Sau uku yana tambayata ko na ga gawayinsa. Sau uku ina cewa wataƙila ya manta a Paris.

Na manta cewa Nasara ma suna gasa nama, kuma kantin garin yana sayar da gawayi buhu-buhu.

Asabar ta biyu da hantsi na taso daga Lyon da tuwon da matata ta yi masa. Ina ajiye mota na ji wani ihu ya tsaga duwatsu. Ƙofofi suka buɗe, jama'a suka ɓarke waje, tsofaffi sun fi ɗari, duk cikin farare, wasu da taɓo a baya, wani da tiyo a hanci bai cire ba. Wallahi na ɗauka an yi tashin ƙiyama ba a gaya wa Lyon ba. Sai ga motar pompiye, 'yan kwana-kwana. Ban jima ba na ga wani ƙato cikinsu ya fito, hannu ɗaya riƙe da kasko yana hayaƙi, ɗaya hannun riƙe da hula. Na gane hular. A bayansa ga Kawu Mutari, yana tari kamar ransa zai fita, rigar tawul ɗinsa tana tashin ƙamshi.

Abin da ya faru, a ɗan ɗakin sauya kaya ya hura wutarsa don ya turara rigar kafin ya shiga sirace. Ya ɗaga kai ya ga alarmu irin ta gidansa, ya naɗa ta da hularsa kamar yadda ya saba. Bai san akwai ƙanwarta a baranda ba.

"Wannan ba a naɗa ta ba," in ji shi da ya samu numfashi. "Shi ya sa ba ta da ladabi."

Ni ban yi dariya ba, mai gidan jiyyar ma haka. Ya kira mu ofishinsa, fuskarsa ja wur, ya ce Mushe Mutari ya tattara kayansa yau. Saura mako guda a gama, azumi saura wata ɗaya. Na roƙa, na durƙusa da baki, na ce tsufa ne, na ce al'ada ce, har na ce yana da ɗan taɓi, Kawu ya harare ni. Madam Odette da rundunarta suka tsaya bakin ƙofa suna cewa in an kore shi su ma sun tafi. Mutumin bai motsa ba.

Likitar wurin ce ta shigo, wata 'yar ƙaramar mace da ba ta ɗaga murya. Kullum da safe tana sa Kawu ya hura wani bututu da ke auna ƙarfin numfashi, tana ɗiga alama a takarda. Ta sa ya sake hurawa, ta ɗiga, ta juya takardar gabansa. Layin yana ta hawa tun ranar farko, kamar hanyar da muka biyo. Na yau ya faɗo ƙasa warwas. Ta ce ruwansu yana taimako, iskar dutse ma haka, amma babban maganin da ya sha shi ne kwanakin da ya yi ba hayaƙi. Ta san zancen ladanci, don ba wanda Kawu bai gaya wa ba har mai shara.

"Mushe Mutari," ta ce, "ƙirjin nan ba zai ɗauki biyu ba. Ko kasko, ko kira."

Na jira ya ce namu ne. Na jira ya ce kakarsa ta shekara ɗari cikin hayaƙi. Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ɗauki kaskon daga kan tebur, ya shafa gefensa da babban yatsa, ya miƙo mini.

"Ajiya ce, Mushe. Ba kyauta ba. Kuma na san wanda ya sace mini gawayi."

Mai gidan ya yarda ya ƙarasa. Hular kuwa pompiye ba su mayar ba.

Ranar ƙarshe ya ce in kai shi can ƙololuwar dutse, cikin akwatin nan da ke tafiya a kan waya. Guga ne, ba sai na faɗa muku ba. Muka sauka a sama, ba kowa sai shanu masu ƙararrawa a wuya da wasu 'yan yawo can nesa. Ya dubi rana, ya tambaye ni gabas. Kafin in gane nufinsa ya toshe kunnuwa da yatsu. Na fara waige-waige ina neman jandarma, ina raɗa masa cewa nan fa ba Damagaram ba ne. Ina! Ya riga ya ɗaga.

Ku tuna, duk shekarun nan Kawu a ɗaki yake kira, ƙofa rufe, murya a danne don maƙwabta. Ban taɓa sanin girman muryarsa ba sai ranar. Da ya zo "Hayya alal falah" na riƙe nawa numfashin. Ya ja, ya ja, ya ja, ni na gaji na saki, shi bai saki ba. Ya dire ta lafiya. Sai dutsen da ke fuskantarmu ya maido masa da ita. Shanu suka bar kiwo.

Ya gama, ya goge ido da hannun riga, wai iska ce. Ya nuna ƙirjinsa.

"Wannan namu ne, Mushe. Kuma ba wanda ya sa mishi wuta."

Azumi huɗu ya ƙara yana kira bayan nan, Alhaji Bukari bai sake tayar da maganar ba. Bai taɓa yarda a gaban mutane cewa likitar ta yi gaskiya ba, cewa yake warin ƙwan ne ya kori ciwon don ciwon ma yana da hanci. Amma Tanti Rabi ta ce ranar da ya koma gida ya hau kujera ya tuɓe Sarkin Shiru, ya kaɗe hular ya sa a kansa. Da ita muka gan shi Jumma'arsa ta ƙarshe.

Kaskon yana nan gidana a Rillieux, ban hura shi ba, ban ba kowa ba, tunda ajiya ce. In na kai hanci kusa har yanzu yana ƙamshin Kawu.

Ya Allah, bawanka Mutari ya bar abin da ya fi so don ya ci gaba da kiran sunanka. Ka yalwata masa kabarinsa yadda ka yalwata masa ƙirji a kan dutsen nan, ka gafarta masa, ka shaƙa masa ƙamshin Aljanna, wanda ba ya sa tari. Amin.