Ranar da Jiya-Lau Ya Ɗauki Hoton Hancinsa

Shagon a ƙarƙashin matakalar bene yake, tsakanin tela da mai yanka makulli, kuma in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fito kafin ɗayan ya iya juyawa. A nan Jiya-Lau ya yi rabin rayuwarsa yana sayar da kyamarori na hannu. Sunan kuwa kwastomomi ne suka raɗa masa. Duk wanda ya dawo da kyamara yana huci, sai ya karɓa, ya jujjuya ta, ya hura mata iska, ya goge ta da gefen rigarsa, sannan ya ɗago cikin mamaki na tsakani da Allah ya ce, "Ikon Allah! Jiya lau take." Ko kyamarar ta yi wata a hannun mai ita, jiya dai lau take.

Ba macuci ba ne, shi ya sa fushi da shi ba ya daɗewa. Mutum ne kawai da bai taɓa yarda cewa kyamara tana mutuwa ba. A wurinsa sai dai ta gaji, ko ta ji sanyi, ko kuma ba ta saba da hannun sabon mai ita ba.

Tun yana saurayi ya shiga harkar, a situdiyon wani mai hoto mai zafin rai. Aikinsa shi ne jan labule mai zanen teku, da riƙe fitila, da jera mutane: dogo baya, gajere gaba, ɗaga haɓa, sauke kafaɗa. Maɓalli kuwa maigidan bai taɓa bari yatsansa ya kusance shi ba. Da wayoyi suka cinye kasuwar hoto, maigidan ya rufe situdiyo, ya sallame shi da kwali cike da tsofaffin kyamarori. Wani zai ga tarkace, shi kuwa ya ga jari. Daga nan duk wanda ya share ɗakinsa ya tsinci kyamarar da ta daina motsi, ya san inda zai kai ta.

Matarsa malamar makarantar yara ce, mace mai haƙuri amma ba ta ɓoye magana. Tun da ta ɗauki 'yarsu ta fari hoto da wata kyamararsa fuskar ta fito shuɗiya, ta kafa doka a gida.

"Baban yara, ka sayar wa duniya, ban hana ka ba. Amma 'ya'yana da waya za a riƙa ɗaukarsu."

Kwastomomi ba su da irin wannan gata. Wani malamin lissafi ya dawo da hotuna kowanne da koren layi ya ratsa wuyan mutane. Jiya-Lau ya duba ya ce kamfani ne ya sa layin, don kada a saci hoton. Wata tsohuwar nas ta dawo da tata tana ƙaurin roba, ya ce mata alamar ƙarfin batir ke nan. In ka matsa, ba ya musu, kuma ba ya mayar da kuɗi, sai dai canji. Ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da wata, ya ce, "Wannan ai ita na so in ba ka tun farko." Ta haka kyamarorin suka riƙa zagaya gari suna komowa gida. Tela ya sha ba da labarin ranar da nas ɗin da malamin lissafi suka haɗu a bakin matakala, kowa ya gane tsohuwar kyamararsa a hannun ɗan'uwansa, suka tsaya suna yi wa juna jaje.

Haka ake tafiya har ranar da wani direban tirela ya shigo, mutum mai faɗin ƙirji wanda ya tare hasken shagon gaba ɗaya. Ƙaninsa zai tafi aiki ƙasar waje, mahaifiyarsu ta tsufa, yana son a ɗauki hoton iyali na gaske da kyamara ta gaske, irin wanda ake sa wa firam. Jiya-Lau ya ba shi wata baƙa mai nauyi, da igiyar ratayawa kyauta.

Kwana kaɗan sai ga direba ya dawo, ya dire kyamarar kan tebur har makullan maƙwabci suka yi ƙara.

"Malam, me na yi maka?"

"Subhanallahi, yallaɓai, me ya faru?"

"In na danna, sai ta yi shiru. Sai kowa ya gaji ya watse, sannan ta ɗauka. Duba nan. Ƙeyar matata. Kujera babu kowa. Wannan kuma ƙafata ce."

Jiya-Lau ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya a bayan kyamarar. Har ransa ya ji ya kamata a yaba fitowar ƙafar, amma da ya kalli idon direba sai ya haɗiye. Ya hura wa kyamarar iska ya ce ba lalacewa ta yi ba, irin masu natsuwa ce, tana son hannun gwani. Ya miƙa hannu zai sauko da wata, direba ya riƙe masa wuyan hannu a hankali.

"Ba na son canji. Tunda gwani take so, ga ka. Gobe ƙanina zai tashi, yau kowa yana gida. Rufe shago mu tafi."

Tela ya leƙo da almakashi a hannu ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, in an daɗe ba a gan ka ba zan gaya wa Malama."

A cikin mota Jiya-Lau ya rungume kyamarar a cinya. Abin da ba wanda ya sani shi ne, duk shekarun nan bai taɓa ɗaukar mutum hoto ba. Gwajin da yake yi a shago bai wuce ya saita kyamara kan bango ya danna, in ta yi ƙara ya ce lafiyarta ƙalau.

Falon direba cike yake: mata, yara, ƙannai, surukai, da wani kawu da ya zo tun safe ya kama kujera mafi laushi. Tsohuwar tana zaune a gefe da sandarta, 'yar ƙarama, idanunta tar a kan baƙon.

"Wannan ne mai kyamarar?" ta tambaya.

"Shi ne, Inna."

"To sannu, ɗan nan. Ka gaggauta, bayana ba ya son dogon zama."

Da Jiya-Lau ya ga taron a hargitse, sai wani abu ya motsa a jikinsa wanda ya daɗe yana barci. Ya ajiye kyamarar, ya tafa hannu. Ya sa aka janye tebur, aka buɗe labulen taga. Ya tashi kawu daga kujerarsa da ladabin da kawun bai ankara an tashe shi ba, ya zaunar da Inna a tsakiya, ya sa mata matashi a baya. Ya tsayar da mai tafiya a damanta, ya sa shi ya ɗora hannu a kafaɗarta. Ya raba wasu surukai biyu da ya lura ba sa kallon juna, ya sa yara a tsakaninsu. Direba kansa sai da aka tura shi baya, aka ce ya sauke kafaɗa ya daina harara.

"Hajiya, ɗan karkato. Kai yaro, fito da yatsa daga baki. Kawu, hular ta rufe ido. Yawwa! Kada wanda ya motsa."

Ya ɗauki kyamarar, ya yi bismillah a zuci, ya danna.

Shiru.

Kowa ya daskare da murmushi. Kumatu suka fara rawa. Wani jariri ya soma ƙunƙuni, kawu ya riƙe tari har idonsa ya kawo ruwa.

"Tana zuwa," in ji Jiya-Lau. "A ƙara haƙuri."

"Ɗan nan, haƙorana sun bushe," in ji Inna ta cikin murmushi.

Nan ya yi abin da ya saba yi a shago. Ya juyo da kyamarar, ya kawo idonta daidai fuskarsa zai hura mata iska. A daidai lokacin ta ga dama. Filasha ta fashe masa a ido, ya ja da baya ya faɗa kan wata kujera, ƙafafu sama.

Direba ya karɓi kyamarar ya duba. Ƙofofin hanci biyu ne suka cika hoton, baƙi ƙirin, da gashin baki a ƙasa da laɓɓa a tsuke. Ya buɗe baki zai yi faɗa, Inna ta ce a miƙo mata. Ta kai kusa da ido, ta daɗe tana kallo, sai ta fashe da dariya har sandarta ta faɗi. Falon gaba ɗaya ya ɗauka. Matar direba ta ce rabon da su ji dariyar Inna haka tun kafin a fara maganar tafiyar autanta.

Wata maƙwabciya da hayaniya ta jawo ta leƙo, ta ga mutane a jere gwanin sha'awa suna ta dariya, ta zaro waya ta ɗauka. Wannan hoton ne aka sa wa firam, mai tafiya ya tafi da nasa.

Direba bai yafe gaba ɗaya ba. Ya kai hoton hancin aka wanke shi babba, ya zo da kansa ya manna a ƙofar shagon, ya ce gargaɗi ne ga jama'a. Sai abin ya juye. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna tambayar hancin wane ne, tela yana ba da labari yana ƙara gishiri, wasu su shiga don ganin mai hancin su fito da kyamara. Dangin direba kuma suka yaɗa cewa akwai mutumin da ya iya jera taro, aka fara kiransa makarantu da ofisoshi da gidaje, da sharaɗi ɗaya: ya zo hannu rabbana.

Yanzu gashinsa ya yi fari, gwiwa ta fara ba shi wahala, 'ya'yan sun girma suna roƙonsa ya rufe shagon ya huta. Ya ce zai rufe da zarar ya sayar da na kan kanta. Malama da ta ji haka ta ce wa yaran su daina ɓata bakinsu, ta tashi ta ɗora masa ruwan zafi na gasa gwiwa.