Littafin da Ruwa Ya Maido

Rifkatu, shugabar zumuntar mata a ɗan cocinsu na Haɗejiya, ba ta san baƙuwar da ke ƙarshen benci ba. Dattijuwa ce siririya, bakin zanenta duk laka, da gani daga ƙauyukan da ambaliya ta ci ta fito. Littafin waƙoƙinta ya sha ruwa har ya kumbura. Da an ɗauki waƙa sai ta buɗe shi ta karkatar da shi hagu, inda babu kowa. Ita ba ta duban rubutun. Wataƙila 'yarta ce ta saba zama a gefenta.

"Mama, me za mu roƙa miki?" in ji Rifkatu.

"Ruwa ya maido mini da littafin, 'yata. Ku roƙa ya maido mai karanta mini, ko gawarta ce, in binne."