Sunan da Ba a Faɗa a Gidanmu

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar Litinin abin ya fara lalacewa. A lokacin ban san agogo ba. Daga baya ne na gane cewa a wannan lokacin ake kiran suna kullum, bayan an kaɗa tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a jikin darbejiya, an gama tsintar ganye a fili, an shiga aji. Ranar ce ranata ta farko a firamare. Ina zaune a ƙasa a layin 'yan mata na can baya, sabon allo a kan cinyata, na naɗe ƙafafuna yadda zanena zai rufe su.

Ƙauyenmu ƙarami ne, tsakanin Gaya da Ajingi, gidaje kaɗan a tsakiyar gonakin gero da gyaɗa. A waɗannan shekarun ba iyaye ne ke kai 'ya'yansu boko ba. Dagaci ke aiko wa mai unguwa cewa ana son yara, shi kuma ya duba gidan da ba za a yi masa musu ba, ya aika da suna. A shekarar kan gidanmu abin ya faɗa. Ni kaɗai ce daga ƙauyen a aji ɗaya. Sauran 'yan garinmu maza ne manya, muna tahowa tare, amma da mun shiga fili sai su nufi ajinsu su bar ni.

Malaminmu matashi ne daga birnin Kano, mai fara'a da ƙarfin murya. Ya buɗe rajista ya fara kira, yara suna amsawa, "Ga ni, Malam." Ina saurare, ina jiran in ji ya ce Uwa, domin da shi kowa ke kirana. Sai na ji ya ɗaga murya ya kira sunan kakata, gatsal, ya kuma ɗora sunan Baba a kai.



A gidanmu ba a faɗin wannan suna. Kaka ita ce ta haifi Baba, tana nan da ranta a ɗakinta na kusa da rumbuna. Baba ba ya faɗa, Inna ba ta faɗa. Akwai wata mai daddawa da ke zagayowa, sunansu ɗaya, ita ma sai dai a ce mai sunan tsohuwa ta zo. Ni kaina a bakin rijiya na fara jin sunan, ranar da wata yarinya ta yi faɗa da ɗiyar baffana, ta rasa zagin da za ta yi, sai ta kira sunan kakarmu sau uku tana tafi. Da aka dawo gida aka faɗa, sai da manya suka je aka ba da haƙuri. Haka na san sunan: abin da maƙiyi ke jifan mutum da shi.

To ga malami, babba, mai farar riga, ya faɗe shi a gaban yara fiye da waɗanda na taɓa gani a wuri ɗaya. Na ɗauka wani laifi Baba ya yi wa hukuma. Malam ya sake kira, ya duba ɗakin, ya yi ɗan rubutu, ya wuce.

Da ya gama ya ce wanda bai ji sunansa ba ya tashi. Ban tashi ba, sai da ta kusa da ni ta nuna ni da yatsa.

"Ke, yaya sunanki?"

"Uwa."

"Sunan babanki fa?"

Na sunkuyar da kai. Ya tambaya sau biyu, yara suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "To, daga wane gari?" Wannan kam na iya faɗa. Ya rubuta Uwa da sunan ƙauyenmu a ƙarshen shafi, ya ce in zauna, ai masu unguwannin nan ba sa aiko da suna daidai.

Ba a daɗe ba na gane gaskiyar abin. Kaka tana kirana takwara tun ina rarrafe, amma na ɗauke shi ɗaya daga cikin tsokanarta, kamar yadda take ce mini mai kan kwarya. Wata rana a hanyar komawa gida na yi ta juya maganar: sunan Kaka, sannan sunan Baba, yadda ake kiran kowace yarinya da sunanta sannan na ubanta. Na tsaya cak a kan burtali. Ni ake kira ke nan. Sunan yankana ne, an rufe shi da Uwa don kada a riƙa faɗinsa a tsakar gida.

Ganewar ba ta rage mini komai ba. Kowace safiya na kan ƙudura cewa yau zan amsa, amma da ya kira sai in kasa. Gani nake idan na ce ga ni, na yarda ke nan a riƙa jifan Kaka da sunanta a bainar jama'a, kuma da bakina na buɗe ƙofar. Ga shi kuma kwanaki sun tafi. Ta yaya zan tashi yanzu in ce ni ce, bayan na zauna ina ji ana kira ban amsa ba?

Yara sun saba, da Malam ya kira sunan sai su haɗa baki, "Ba ta zo ba!" Shi kuma ya ce, "Gimbiya har yau ba ta sauko daga kan gado ba." A kwashe da dariya. Da farko shiru nake yi. Daga baya na lura ta kusa da ni tana kallona, sai ni ma na riƙa motsa baki tare da su. Wata safiya na ji muryata a fili tana cewa ba ta zo ba.

Karatun kuwa ya shige ni tun makon farko. Ina da tsummana na goge allo wanda nake wankewa da kaina, allina kuma a ƙulle yake a bakin zane don kada ya karye. Idan baƙi ya karkace sai in share layin duka in sake. Malam ya kan ɗaga allona ya nuna wa aji. "Ku dubi rubutun Uwa. Ita waccan da ke zaune a gida, ranar da ta zo ko wasali ɗaya ba ta sani ba, Uwa ce za ta koya mata." Ban taɓa jin yabon da ya yi mini ɗaci kamar wannan ba. Na fara ciwon ciki da safe. Inna ta jiƙa mini kanwa, ta ce sanyin hanya ne.

Wata rana bayan la'asar ɗan aiken dagaci ya zo a kan keke, ya sami Baba yana gyaran danga da kara. Washegari da muka fita makaranta Baba ma ya sa babbar rigarsa ya fita. Da na dawo na same shi zaune a zaure, kwanon abincinsa a rufe bai taɓa ba. Ya shigo tsakar gida, abin da ba ya yi da rana.

"Uwata, zo nan."

"Na'am, Baba." Na durƙusa.

"Idan kin fita da safe, ina kike zuwa?"

"Makaranta."

"Yau a gaban mutane aka tsayar da ni. An ce na ɓoye 'yata, ko sau ɗaya ba ta taka makarantar ba. Na rantse, aka ce ga takarda. Dagaci ya ce in ba ki bayyana ba, Gaya za a tura ni gaban hakimi. To wa ke ƙarya, ke ko takardar?"

Na san amsar, tana nan a bakina. Amma ba yadda zan faɗe ta ba tare da sunan ya fito ba, kuma a gaban wanda ya fi kowa kunyarsa.

Inna ta ajiye taɓarya. "Ki buɗe baki, ubanki ke tambaya. Ko gindin ɗorawa kike zama har rana ta take ki dawo mana da allo a ka?"

Hawaye kawai suke zuba. Baba ya daɗe yana kallona. Bai taɓa dukana ba, ranar ma bai yi ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Gobe da ƙafata zan kai ki. A ƙofar ajin zan tsaya in ji da kunnena." Ya koma zaure.

Wannan ya fi duk abin da nake tsoro. Gobe Malam zai ɗaga murya ya kira sunan mahaifiyar Baba, Baba yana tsaye, yara su ce ba ta zo ba, a yi dariya. In na yi shiru, Baba ya tafi Gaya a matsayin maƙaryaci. In na amsa, a gaban idonsa na amsa.

Na zagaya bayan rumbuna na tsuguna. Kaka tana bakin ƙofarta a kan tabarma tana kaɗi, mazari yana juyawa a cikin tasko. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wa nake ji yana jan majina kamar tsohuwar akuya? Takwara, zo ki riƙe mini audugar nan, 'yar boko ba ta fi ƙarfin aiki ba."

Na zo na zauna na riƙe.

"An ce ba kya zuwa. Ni na ce ƙarya ne, wannan matsoraciyar ko kaza ta yi mata tsawa sai ta ba ta hanya, ina ita ina gudun makaranta? To mene ne? Dukanki ake yi?"

Na girgiza kai.

"Karatun ne ya ƙi shiga kwaryar?"

"Yana shiga."

"To faɗa mini, kafin in sa mazarin nan in zaƙulo maganar."

Na dubi ƙasa na ce, "Malam ne yake kiran sunanki."

Ta tsayar da mazarin. "Nawa? A ina ya san ni? Saurayi ne? Yana da keke? Ki ce masa ya turo, ban tsufa ba."

Ban yi dariya ba. Na faɗa mata duka, ina yi ina shessheƙa: yadda yake kira kowace safiya ya haɗa da na Baba, yadda ya rubuta ni Uwa a ƙasa, yadda yara ke cewa ba ta zo ba. Har na faɗa mata cewa ni ma na kan ce. A nan ne ta yi dariya har da tari, ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Kina zaune kina ba da shaidar ba ki zo ba? Allah ya shirye ki, mai kan kwarya."

Sannan ta shiga gyara zaren da ya tsinke. Na tambaye ta abin da na daɗe ina son in tambayi wani.

"Kaka, idan na amsa, ba na zage ki ba? Kuma gobe Baba zai ji."

Ta ƙulla zaren, ta dangwali alli da yatsa, ta murza mazarin.

"Ubanki ne ba ya faɗa, don ni na haife shi. Wannan kunyarsa ce, ba taki ba, in ya ji nauyi ya matsa nesa da ƙofar. Ke kuwa rago aka yanka aka raɗa miki shi a kunne, ina zaune a wurin, ba aro na ba ki ba. Ni tun da uwata ta rasu babu wanda ya ƙara kirana da shi. Gobe in ya kira, ki miƙe tsaye ki amsa yadda na bayan aji zai ji. In kin dawo ki zo ki gaya mini yadda yake faɗinsa."